Birnin da Aka Ba Mu Ajiya

Bijimin ne ya fara zuwa.

Wata Asabar ce cikin 1975, ana irin yayyafin nan na London da mutum zai raina har sai ya ji shi a ƙashi. Ina ɗakina a sama ina karatu na ji babbar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu a Tottenham. Sai kuma muryar Baba, yana ta "Lale, lale, maraba," irin wadda ba ya yi wa kowa sai mutum ɗaya. Na sa yatsa a inda na tsaya, na sauko da littafin a hannu. Haka nake zuwa ko'ina. In akwai littafi a hannuna, mutane kan tambaye ni me nake karantawa, ba sa tambayata abin da ya fi wannan wuya.

Wasu ƙartin Turawa ne ke turo baƙin bijimi ta ƙofarmu. Ba mai rai ba ne, na filasta ne aka shafa masa baƙin fenti, amma girmansa ya kai na gaske, da wani abu kamar faifai tsakanin ƙahonninsa. A bayansa ga Baba Alhaji Uwaisu, babbar riga da kwat ɗin sanyi a kanta, yana ba da umarni da Hausa ga mutanen da ko "zo" ba su sani ba.

"A hankali da kunnen nan! Kai mai jan gashi, kai nake wa magana! Kunnen nan ya girmi kakanka!"

Baba Alhaji ba wan Baba ba ne na jini. A gidansu Baba ya tashi a Gusau bayan rasuwar kakana, kuma shi ya riƙe hannunsa ya kai shi makarantar boko. Yanzu Baba yana aiki a ofishin da ke kula da ɗaliban jiharmu a Ingila. Baba Alhaji kuwa ɗan kwangilar siminti ne, kuma a shekarun nan na kuɗin mai, mai siminti ba ya taka ƙasa sai in zai sauka daga jirgi.

Da aka zauna, aka kawo shayi, ya ba mu labari. Ya je Masar ne a yi masa aikin ido. Likita ya ce ya je bakin teku ya huta, sai ya tafi Iskandariya. A can aka kwance masa bandeji, abin da ya fara gani da sabon idon shi ne birnin: ganuwar Ƙayitbay tsaye a cikin ruwa, fadar Muntaza da hasumiyarta a tsakiyar lambu, gidan tarihi cike da mutanen dutse marasa hanci. Ya ce ya yi ta kallo har tsohon idon ma ya fara kishi. Daga nan ya samu wani magini a bayan gari, ya ce ya kwaikwayo masa komai da filasta, ɗaya bayan ɗaya. Zai kai Gusau ya kafa.

"Duka birnin, Alhaji?" in ji Umma.

"Masu muhimmancin dai, Hansai."

"Tekun fa?"

"Ana duba wannan."

Matsalar ɗaya ce. Tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe, jirage na jere a kan ruwa wata da watanni, yawancinsu siminti suka ɗauko, wasu ma nasa ne. Don haka ya sa aka juyo da kayan London.

"Ajiya ce, Nata'ala," ya ce wa Baba, yana shafa wuyan bijimin. "Kwana biyu kawai, kafin Legas ta buɗe."

Baba ya dubi bijimin. Ya ce, "Allah Ya ba mu ikon riƙe amana."

A gidanmu ba a wasa da ajiya. Ba a ƙinta. Ba a amfani da ita. Ba a tambayar mai ita yaushe zai zo ya ɗauka, don wannan kora ce. Kuma babu wanda ya kai Baba Alhaji sanin haka, domin duk zuwan da zai yi sai ya ba mu labarin akuya. Yana saurayi wani mutumin Kwatarkwashi zai tafi Makka a ƙasa, ya ba shi ajiyar akuya guda. Mutumin ya yi shekaru bai dawo ba. Akuya ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, aka yi yunwa, gidansu suka sha kunun dusa, shi kuwa ko nononta bai taɓa ba. Ranar da mutumin ya dawo, garke guda ya kora masa.

"Har igiyar," yakan ƙarasa, yana kallonmu ɗaya ɗaya. "Har igiyar da ya kawo ta da ita na miƙa masa."

Aka sa bijimin a falo, tsakanin talabijin da taga. Anti Eunice, maƙwabciyarmu, 'yar Jos ce, nas ce a wani asibiti, ta leƙo da yamma ta dafe ƙirji.

"Maman Luba! Layya tun yanzu? Wannan ai sai dai ku yanka shi da guduma."

"Ajiya ce," in ji Umma.

"Yana cin abinci?"

"Ƙura kawai yake ci. Ni kuma nake sharewa."

Bayan bijimi sai zakuna biyu masu kan mutum. Umma ta ce ba za ta yi salla ana kallonta ba, ta ɗaura wa kowanne ɗankwali ta sauko da shi har haɓa. Baba ya daɗe yana tunanin ko ɗaura wa ajiya ɗankwali amfani ne da ita, daga baya ya yanke cewa ɗankwalin ne ake amfani da shi, kuma namu ne. Anti Eunice ta sa musu suna Hajiya Babba da Hajiya Ƙarama, tana gaishe su kafin ta gaishe mu.

Sai igwa daga ganuwar Ƙayitbay. Babu inda ta shiga sai lungun shigowa, bakinta na kallon ƙofa. Mai kawo madara ya gan ta sau ɗaya, daga ranar a bakin titi yake ajiye mana kwalaben. Sai kada, kwaikwayon wani busasshe da ke gidan tarihi, wanda tsawonsa bai dace da ko'ina ba sai bahon wanka. Muka koma wanka da bokiti a gefensa. Wannan bai dame mu sosai ba, don dama da bokitin muke wanka, bahon tsoro yake ba Umma. Sai ƙyauren fadar Muntaza, da ƙaramar hasumiyarta, da fitilun gilashi masu reto irin na fadar Ra'asut Tin. Waɗannan suka cinye ɗakin su Baba. Suka sauko da katifarsu falo, suna kwana a ƙarƙashin cikin bijimi.

Duk wata sai Baba Alhaji ya zo da sabon abu da sabon bayani. Yakan tsaya a tsakiyar falo, in akwai tsakiyar, ya nuna da sandarsa.

"Nan teku yake. Ku ɗauka kicin ne teku. To in ka baro ganuwa ka bi bakin ruwa, ka bi, ka bi, sai ka iso Muntaza, wato bene. Luba, ke mai karatu, kin gane?"

Nakan gyaɗa kai in ɓoye rabin fuskata a bayan littafi. Gaskiya na gane. Na ma aro littafi a kan birnin a laburaren unguwa, na ga hotunan na ainihin, kuma sun yi kyau ƙwarai. Sai dai a hoto kowanne yana da sararin sama a bayansa, ba labulen Umma ba.

Ya rage ɗaki ɗaya, nawa.

Ƙaramin ɗaki ne a bayan gida, a saman kicin. Gado, tebur, katako biyu na littattafai, shi ke nan ya cika. Tagarsa irin mai ɗagawa sama ce, sakatarta ta karye tun kafin mu zo, nakan tokare ta da ƙamus in ina son iska. A Kaduna, inda muke zaune kafin London, da 'yan uwa muke kwana, ƙafar wannan a kan wuyan waccan, ban taɓa rufe ƙofa ta rufu ba sai a nan. A makaranta in malama ta kira sunana, harshena yakan manne, 'yan aji su juyo, in ji zuciyata tana bugawa har a kunne. Ba ta daina wannan bugun sai na hau bene na tura ƙofar nan na ji ta ce ƙyas. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina tsammanin Umma ta sani, don ko aike za ta yi mini sai ta ƙwanƙwasa.

Da bazara ta shigo, Baba Alhaji ya zo babu kaya. Wannan ya fi ba mu tsoro. Ya sha shayi, ya ba mu labarin akuya har igiyar, sannan ya ce saura babban.

"Ginshiƙin Sawari. Shi ne uban birnin. Na sa an rage tsawonsa, bai wuce gidan nan da kaɗan ba. Gunduwa gunduwa zai zo, a akwatuna. Amma magini ya ce kada a bar shi a kwance, a haɗa shi a tsaye."

"A tsaye a ina, Yaya Alhaji?" in ji Baba, murya can ƙasa.

Baba Alhaji ya tashi, muka bi shi. Ya tsallake igwa, ya shiga kicin, ya tsaya kusa da murhu, ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa silin.

"Me ke saman nan?"

Duk suka juyo suka dube ni. Ni ce a saman nan.

"Ɗakin Luba ne," in ji Umma.

"Madalla. Ai yarinya ce, ba ta da faɗi. A huda nan, a huda rufin, ya wuce ta tsakiya. Ita ta kwanta a gefe. Wa ya taɓa samun irin wannan? Ta farka ta ga tarihi a gaban gadonta."

Na auna a raina. In ginshiƙin ya bi ta tsakiya, gado ba zai zauna ba, tebur ba zai zauna ba, ƙofar ma ba za ta rufu ba, kuma ruwan sama zai biyo jikinsa ya sauko kan littattafaina. Na buɗe baki. Sai kawai na ɗaga littafina na rufe shi.

Bayan ya tafi Umma ta dubi Baba ta ce, "Malam, yanzu kam sai ka yi magana."

"In ce me? In ce wa mutumin da ya kai ni makaranta ya kwashe kayansa?"

"Ka ce masa gidan ba namu ba ne."

Fuskar Baba ta washe. Ai kuwa gidan ba namu ba ne, haya muke. Mai gidan wani tsohon Bagirke ne, Mista Pavlos, mutum mai faɗa a kan ƙusa guda in an kafa a bango. Tun zuwan bijimi Baba ke tare shi a bakin ƙofa don kada ya shigo. Yanzu sai ya yi masa waya da kansa, ya ce ya zo ya duba gidansa. Dabarar ita ce Mista Pavlos ya gani, ya yi ihu, ya ambaci council, wato hukumar unguwa, ya hana. Baba kuma ya je wa Baba Alhaji da fuskar tausayi ya ce Bature ya ƙi. Babu wanda ya ƙi ajiya, babu wanda ya ci amana.

Mista Pavlos ya zo da hularsa da fushinsa. Ya ga igwa, ya tsaya. Ya shiga falo ya ga bijimi, ya cire hular. Ya ɗaga ɗankwalin Hajiya Babba a hankali, ya leƙa fuskarta. Muna jiran ihun. Sai muka ga kafaɗunsa suna rawa.

Ashe a Iskandariya aka haife shi. A can ya yi makaranta, a can ya yi aure, a can kabarin uwarsa yake, kuma tun da ya baro bai koma ba. Ya ce yana yaro malaminsu ya kai su gidan tarihi, ya taɓa hancin bijimin nan aka mare shi. Ya tambayi Baba ko zai iya taɓawa yanzu. Ba a amfani da ajiya, amma tsoho yana kuka, sai Baba ya kau da kai. Mista Pavlos ya rungume wuyan bijimin.

Baba ya yi ƙarfin hali ya gaya masa zancen ginshiƙi, da huda silin, da huda rufi, yana jaddada kalmar huda.

"Ginshiƙin zai zo nan?" in ji Mista Pavlos. "Cikin gidana?" Ya share ido da hula. "Ni zan zo da zarto. Kada ku kira kowa. Ba za su yanka da kyau ba."

Da ya fita Umma ta zauna a kan matakala ta yi tagumi. Can ta ce, "To. Aƙalla zan samu abin jingina in ina tuƙa tuwo."

Ranar Asabar da safe motar ta iso. Na ji ana sauke akwatuna, na ji Mista Pavlos yana gwada zartonsa a kan wani katako yana waƙa da yarensu. Ina zaune a bakin gado. Na shirya jawabi mai kyau tun kwana uku, da dalilai a jere, amma na san in na tsaya gaban Baba Alhaji ko sallamar jawabin ba za ta fito ba. Kuma ko ta fito, ƙin ajiya ne, Baba ne zai ji kunya.

Daga ƙasa na jiyo Baba Alhaji yana ba Anti Eunice labarin akuya, ita da ta sha ji. Yana zuwa wajen igiya idona ya sauka a kan makullin ɗakina, wani tsohon ƙarfe da ke rataye a ƙofar ban taɓa murɗa shi ba. Ban yi dogon tunani ba. In da na yi, da na fasa. Na fito, na ja ƙofar, na murɗa makullin, na zare shi, na sauka. Sai a tsakiyar bene na lura babu littafi a hannuna.

Kowa yana falo. Na ratsa tsakanin Hajiyoyin biyu, na durƙusa a gaban Baba Alhaji, na miƙa makullin da hannu biyu.

"Baba Alhaji." Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako. "Ga... ga ajiya."

"Na'am?"

"Ajiya ce. Ɗakina ne. Da abin da ke ciki. A riƙe mini."

Baba ya zaro ido. Umma ta sa gefen mayafi a baki. Anti Eunice ta juya tana duba ƙahon bijimi kamar yau ta fara ganinsa.

Baba Alhaji ya dubi makullin, ya dube ni. Na ɗauka zai yi dariya ko ya yi faɗa. Sai na ga ya gyara zama, ya goge hannunsa a jikin riga, ya karɓa da hannu biyu shi ma.

"Tun akuyar nan," ya ce a hankali, "babu wanda ya sake ba ni ajiya. Kowa karɓa yake zuwa yi." Ya jujjuya makullin. "Nata'ala, ka ga 'yarka? Ta san mutane. Duk gidan nan ni ta zaɓa."

"Yaya Alhaji, yarinta ce, a ba ni in..."

"A ba ka me? Kai aka ba?" Ya ɗaga babbar rigarsa, ya zura makullin a aljihun 'yar ciki, ya danne da hannu. "Allah Ya ba ni ikon riƙe amana."

Daidai nan Mista Pavlos ya leƙo da zarto a kafaɗa, ya ce ya shirya, a nuna masa ɗakin. Ƙartin na bayansa ɗauke da akwatin farko. Baba Alhaji ya miƙe ya tare bakin bene da sandarsa.

"Ina za ku? Nata'ala, gaya musu da Turanci. Ɗakin can amana ne a hannuna. Wanda ya huda shi, ni ya huda."

"To ginshiƙin fa, Alhaji?" in ji Umma, muryarta sumul. "Magini ya ce kada a bar shi a kwance."

Ya shafa gemu. "Magini bai san tafiyar da ya sha ba. Ya kwanta ya huta. A kai shi bayan gida."

Mista Pavlos ya kusa sake yin kuka, sai da aka yi masa alkawarin zai riƙa zuwa duk Lahadi yana gaishe da bijimi. Ƙartin suka yi ta zagayawa da akwatuna ta lungu. Suka jera su a jikin bangon baya inda ruwa ba ya bugu sosai, manya a ƙasa, ƙanana a kansu, hawa hawa, har na ƙarshe, mai ɗauke da kan ginshiƙin, ya kusa taɓa tagar bene. Baba Alhaji ya ci tuwo, ya sa mini albarka har sau biyu, ya shiga tasi. Jirginsa na Legas da la'asar ne, zai je ya nemi jiragen simintinsa a kan ruwa.

Sai da tasin ta sha kwana na tuna kayan makarantata suna cikin ɗakin. Da littattafaina, da na laburare, da gadona.

"Sai a kira mai gyaran makulli," in ji Anti Eunice.

Baba ya girgiza kai. "A fasa ajiyar da ke hannun Yaya Alhaji? Ya dawo ya tarar an shiga? Ai gara a huda rufin."

"To ta ce ya dawo mata da abinta. Ai nata ne."

"Gobe war haka yana Legas a cikin kwalekwale, Eunice. In kin yi booking ɗin waya zuwa Legas yau, sai an yi sallar layya za a haɗa ki. Kuma ajiyar da aka bayar da safe, a karɓe ta da yamma? Cewa za a yi ba ta yarda da shi ba."

Na tsaya a bayan gida ina kallon tagata daga ƙasa. Na hana a huda ɗakin, na kuma hana kaina shiga. Ƙamus ɗin yana nan inda na bar shi, ya tokare tagar, labule na kaɗawa ta ƙasan. Hawaye suka fara zuwa, na yi ta haɗiye su.

Anti Eunice ta zo ta tsaya kusa da ni, ta bi akwatunan da kallo tun daga ƙasa har sama.

"Oga Nata'ala," ta kira. "Makullin nan na ƙofa ne ko na taga?"

Baba ya fito. Ya dubi taga, ya dubi akwatuna. "Na ƙofa ne," ya ce a hankali. "Taga ba ta da makulli. Kuma mai abu ba ta cin amanar kanta." Fuskarsa ta fara sakewa, sai kuma ta sake ɗaurewa. "A'a. Taka akwatunan za ta yi. Ta mai da ajiya tsani ke nan. Amfani ne."

"Sai a aro tsani," in ji Anti Eunice.

"A jingina shi ina? Duk bangon ajiya ce."

Umma ta juya. Ta koma kicin, ta fito da tsumman da take goge bijimi da shi, ta damƙa mini.

"Malam, ajiya ba a barinta da ƙura, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Ni gwiwata ba za ta kai ni can sama ba. Daga yau Luba ce mai goge na ƙarshen. Safe da yamma. In ta gaji da gugar, ai ba a hana mutum ya huta a inda ya samu ba."

Baba ya daɗe yana kallon tsumman. Sannan ya juya ya shige gida, yana cewa shi bai ga komai ba, kuma a goge da kyau har kusurwoyi.

Na cire takalmi na hau. Akwatin farko sai da na ja ciki, na biyu ya yi ƙara, ban kalli ƙasa ba. Anti Eunice na ta kiran "Riƙe da kyau, 'yar Gusau!" A saman na ƙarshe na durƙusa na goge shi tsaf, har kusurwoyin. Ta tsakanin katakon ina hango ganyayen filasta da aka sassaƙa a kan ginshiƙin. Sannan na ɗaga tagar, na tura ƙamus gefe, na zura ƙafa.

Komai yana inda yake. Littafina a kife a kan gado. Na je na murɗa hannun ƙofar don in tabbata, ta ƙi motsi. Na zauna a ƙasa na jingina da ita har bugun da ke kunnena ya lafa.

Legas ba ta buɗe da wuri ba. Da ta buɗe kuma siminti ya faɗi, Baba Alhaji ya shiga wasu harkokin, zuwansa London ya yi wuya. Duk wanda ya zo daga Gusau sai ya kawo saƙonsa na baki: a gaya wa Luba ajiyarta tana nan lafiya, ko wanka zai shiga da ita yake shiga. Nakan ce a gaya masa na gode, babu gaggawa.

Mista Pavlos yana zuwa duk Lahadi, yana zama kusa da bijimi da kofin gahawa. Umma ta ɗaura wa wani kwando igiya, in ina tsakiyar littafi ta zubo mini abinci a ciki in jawo ta taga. In baƙi suka zo suka ce ina yarinyar nan mai karatu, a kira ta ta gaishe mu, sai Umma ta ce tana sama tana goge ginshiƙi, kuma hanyar sauka da nisa.